Yadda ake rubuta mai ba da labarin da bakinsa ba abin yarda ba ne, a fim da wasan dandamali

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga matasan marubuta, musamman masu rubuta fina-finai masu dogon zango: yaya ake sa jarumi ya ba da labari, masu kallo su yarda da shi, daga baya su gane ba haka abin ya faru ba, kuma kada su ji an raina musu hankali? Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce aikin. Bahaushe ya tashi yana jin mai tatsuniya na rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", saboda haka ƙaryar mai labari ba baƙuwarsa ba ce. Abin da ba ya yafewa shi ne marubucin da ya ɓoye masa abin da ya kamata ya gani, sannan ya zo a ƙarshe yana neman a yi masa tafi.

Zan bi matakan da labari ɗaya da na ƙirƙira don misali. Hajiya Ladi uwargida ce. Ɗan kishiyarta marigayiya, Nura, ya bar gida bayan an zarge shi da satar sarƙar gwal. Kawunsa, Malam Habu, ya taso daga Maraɗi yana neman bayani, ita kuma ta zaunar da shi tana ba shi labari. Zan kuma ambaci 'yan ayyukan ƙasashen waje, kuma dole in tona ƙarshensu, sai a yi haƙuri.

1. Rubuta gaskiyar tukuna

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na bakin mai labarin, ɗauki takarda ka zayyana abin da ya faru da gaske, daga farko zuwa ƙarshe, da ranaku da lokuta. Ba zance, ba ado. A namu misalin: ranar Litinin masu bin Sani bashi, ɗan Hajiya na cikinta, suka zo ƙofar gida. Ranar Talata Hajiya ta kai sarƙar wurin masu sayen gwal a kasuwa ta sayar don ta biya bashin. Ranar Alhamis maigida ya tambayi sarƙar saboda bikin 'yar ƙaninsa. Ta ce ba ta gan ta ba. Mai aiki, Talatu, ta ce ta ga Nura ya shiga ɗakin. Hajiya ta yi shiru. Ranar Juma'a maigida ya doke shi, da asubar Asabar yaron ya fita.

Sai ka ja layi a tsakiyar wata takardar. Hagu abin da ya faru, dama abin da mai labarin ya ce ya faru. Kowane sin, wato fitowa ɗaya a fim, ya sami layinsa. A gefe ka yi wa kowane bambanci alama: wannan ƙarya ce tsagwaronta, wannan tsallakewa ce, wannan kuma gaskiya ce da aka ba wata fassara.

Gargaɗi: wanda ya tsallake wannan mataki zai gane kurensa a shafi na 70, lokacin da shi kansa ya kasa tuna wace ce gaskiyar. Ya taɓa faruwa da ni. Na miƙa rubutu, darakta ya tambaye ni ina jaruma take a daren da abin ya faru, na ba shi amsa biyu masu karo da juna a zama ɗaya. Sai da na koma na sake kusan rabin aikin.

2. San dalilin da ya sa bakinsa ya karkace

Akwai wanda ya san gaskiya yana ɓoyewa da gangan. Akwai wanda ya faɗa wa kansa ƙaryar har ta zauna masa. Akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, saboda tsufa ko ciwo ko firgici. Akwai kuma yaro ko baƙo da ya ga komai amma bai fahimci abin da ya gani ba. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, domin kowanne da irin alamun da yake bari.

Ni na fi son na biyu, kuma shi nake ba masu farawa shawara su gwada. Hajiya Ladi ba ta ɗauki kanta azzaluma ba. A ranta ita uwa ce da ta rufa wa ɗanta asiri, kuma ai ba da bakinta ta ce Nura ɓarawo ne ba. Mai kallo zai iya jin haushinta ya kuma gane ta, domin kusan kowa ya san wani da ke gyara labarin rayuwarsa ta haka.

Gargaɗi: "ashe mafarki yake", "ashe taɓin hankali ne", "ashe aljanu ne suka buɗe mata ido". Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗo a ƙarshe ba tare da an gina shi tun farko ba, ka zubar da duk abin da mai kallo ya zuba na lokaci da tausayi. Sannan masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa mutane ne da iyalansu ke kallon fim ɗinka, kada ka mai da ciwonsu dabarar fita daga labarin da ya cije maka.

3. Ba shi mai sauraro, ka sa masa abin da zai rasa

Mutum ba ya karkatar da zance haka kawai, sai don wanda ke gabansa. Tambayi kanka abu uku: wa yake ba labarin, me yake so daga wurinsa, me zai same shi idan aka gano? Hajiya na son Malam Habu ya koma Maraɗi kafin maigida ya dawo daga tafiya. Idan ya tsaya har suka haɗu, aurenta da mutuncin ɗanta suna cikin hatsari.

Mai sauraron shi ne wakilin masu kallo a cikin fim, don haka kada ka yi shi wawa. Ba shi ido da kunne. Ya riƙa yin tambayar da mai kallo mai kaifin hankali zai yi, a daidai lokacin da zai yi ta. Duk sanda ya matsa, labarin Hajiya ya ɗan sauya don ya toshe ramin. Wannan jan-in-ja shi ke hana zaman falo ya zama mutum biyu suna ta surutu.

4. Yanke hukunci: hoton na wane ne?

Nan ne rubutun fim ya rabu da rubutun littafi, kuma nan ne mafi yawan marubuta ke faɗuwa. A littafi komai ta bakin mai labari yake fitowa. A fim kuwa akwai kyamara, kuma ɗabi'ar mai kallo ce ya ɗauki abin da idonsa ya gani a matsayin shaida. Baki na iya ƙarya, ya yarda da wannan. Hoto kuwa yana ɗaukarsa maganar marubuci da darakta ce kai tsaye.

Alfred Hitchcock ya ɗanɗana wannan a fim ɗinsa Stage Fright na 1950. A farkon fim wani saurayi yana ba wata budurwa labarin yadda aka jefa shi cikin zargin kisa, aka nuna labarin a hoto. A ƙarshe ya bayyana cewa shi ne ya yi kisan, waiwayen nan duk ƙarya ne. Masu kallo da yawa sun ji an zambace su, shi kansa Hitchcock daga baya ya amsa cewa kuskure ya yi. A wannan shekarar ce kuma Akira Kurosawa ya fitar da Rashomon a Japan, inda aka nuna mutuwar mutum ɗaya ta baki huɗu masu saɓa wa juna, kuma ba wanda ya yi ƙorafin an yaudare shi. Bambancin a fili yake: da zarar labari na biyu ya ƙaryata na farko, mai kallo ya gane dokar wasan, ya san kowane hoto da mai shi.

Saboda haka hanya uku ce a gabanka. Ta farko, kyamara ta faɗi gaskiya, murya ta karkace: muna jin Hajiya na cewa ta riƙe Nura kamar ɗanta, muna ganinsa yana cin abinci shi kaɗai a bakin murhu. Wannan ta fi sauƙi da arha, amma asirin ba ya daɗewa, mai kallo zai riga Malam Habu ganewa tun da wuri. Ta biyu, kyamara ta nuna gaskiya amma ba duka ba: a yanke sin kafin abin da zai tona, a fara shi bayan ya wuce. Ta uku, kyamara ta zama bakin mai labarin gaba ɗaya, ta nuna abin da bai faru ba. Wannan ita ce hanyar The Usual Suspects na 1995, wanda Christopher McQuarrie ya rubuta ya kuma ci kyautar Oscar da shi. Ta yi aiki ne domin fim ɗin yana ta komawa ofishin da ake yi wa mai labarin tambayoyi, yana tuna mana cewa abin da muke gani zancen mutum ɗaya ne, kuma sunayen da yake ƙirƙira suna nan a allon sanarwa na ofishin da gindin kofin mai tambayar.

Ga Hajiya Ladi na zaɓi ta biyu. Duk abin da aka nuna ya faru, abin da ta tsallake ne ya fi muhimmanci.

Gargaɗi: duk hanyar da ka ɗauka, rubuta ta a jimla ɗaya ka manna a gabanka, kada ka karya ta ko sau ɗaya. Kuma kula da wannan tarko: idan waiwayen na Hajiya ne, ba za ka nuna sin da ba ta wurin ba kuma ba wanda ya ba ta labarinsa. Hirar Nura da abokinsa a bayan gida ba ta da gurbi a cikin labarinta.

5. Shuka alamu, ka ɓoye su a fili

Ka'idar da nake bi: wanda ya sake kallon fim ɗin karo na biyu ya riƙa cewa "ai ga shi nan, ya aka yi ban gani ba?" Don haka kowace babbar ƙarya tana buƙatar alama aƙalla uku, a warwatse. Ɗaya a cikin zance, ɗaya a cikin kayan da ke wurin, ɗaya a fuskar wani da ya san gaskiya.

Harshenmu ya ba mu makamin da ya kamata mu yi amfani da shi, wato rantsuwa. Mace irin Hajiya tana tsoron Allah gwargwadon hali, ba za ta rantse a kan ƙarya ba. Sai ka sa ta riƙa cewa wallahi a kan duk abin da yake gaskiya, ta kauce masa a wuri guda kawai. Duba:

MALAM HABU: Hajiya, ke da idonki kin ga ya ɗauka?

HAJIYA LADI: Malam, wallahi ranar Alhamis na buɗe akwatin nan, babu sarƙa. Wallahi yaron ya shiga ɗakin, Talatu ma ta gan shi.

MALAM HABU: Ba shiga ɗaki na tambaya ba.

HAJIYA LADI: Ni dai ban taɓa cewa ɓarawo ne ba. Ka tambayi kowa a gidan nan. Bari in sa a kawo maka ruwa, ka sha hanya.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Wanda bai sani ba zai ga mace mai kawaici, wanda ya sani zai ga yadda take zagaye rami.

Alamar kaya: a waiwayen ranar Litinin sarƙar na wuyanta, a na ranar Laraba ta yafa mayafi ta rufe wuyan duk da tana cikin ɗakinta. Alamar fuska: duk sanda aka ambaci Nura, Sani ya tashi ya fita.

Dabarar ɓoyewa ita ce kowace alama ta sami wani aiki na daban a sin ɗin da take. Mayafin ya zama don baƙo na shigowa ne, fitar Sani ta zama don wayarsa ta yi ƙara. Sannan ka ajiye alamar kusa da wani abu mai ɗaukar hankali, kamar faɗa ko kuka, ido zai tafi can.

Gargaɗi: kada ka rubuta wa kyamara ta matsa kusa da alamar ta tsaya a kanta. Masu kallonmu sun ƙoshi da fina-finan Indiya masu ba-zata, da sun ga an daɗe a kan wuyan Hajiya sun gama lissafi.

6. Yadda ake sa shi a takarda

Rubutun fim na ma'aikata ne, ba na masu kallo ba. Amma akwai masu karatu iri biyu. Furodusan da kake son ya sayi labarin, bar shi ya faɗa tarkon kamar kowa: rubuta kan sin da "WAIWAYE, LABARIN HAJIYA" kawai, kada ka ce ƙarya ne. Bayan an amince za a ɗauka, sai ka fitar da kwafin aiki wanda kowane sin ke ɗauke da alamarsa, ka haɗa da takardar nan mai layi biyu ta mataki na farko, ka ba darakta, mai kula da kwantiniti (wato daidaiton kaya da saiti daga sin zuwa sin), mai kayan sawa da edita.

Muryar da ke tafiya a kan hoto ana sa mata V.O. kusa da sunan mai magana. Yi tsimi da ita. Idan murya na faɗin abin da hoto ke nunawa, goge ta. Amfaninta kawai a inda ta saɓa da hoton ko ta yi masa fassara.

Kayan aiki ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Manhajar rubutun fim ta Final Draft, wadda manyan kamfanoni ke amfani da ita, sai an saya. WriterDuet na barin ka rubuta labari uku kyauta, Trelby kyauta ne gaba ɗaya a kwamfuta. Ko Word ma ya isa idan ka sa rubutun Courier mai girman 12, wanda da shi ne shafi ɗaya ke zama kusan minti ɗaya a allo. Abin da ba na aiki ba tare da shi ba shi ne ƙananan katuna kala biyu, fari na yanzu, shuɗi na waiwaye, in jera su a tabarma in ga inda labarin ya daɗe bai koma falo ba.

Jarumar da za ta hau Hajiya dole ta san gaskiyar tun ranar farko. Wanda zai hau Malam Habu kuwa, idan darakta ya ga dama, ana iya jinkirta masa shafukan ƙarshe.

7. Idan wasan dandamali ne

A dandamali babu kyamarar da za ta zaɓa wa mutane inda za su duba, amma akwai wata riba: mai labarin na tsaye da jikinsa a gaban jama'a, yana kallon idonsu. Tennessee Williams ya buɗe The Glass Menagerie na 1944 da mai labari da ke gaya wa masu kallo kai tsaye cewa abin da za su gani tuni ne, ba hoton gaskiya ba. Wannan izini ne da za ka iya nema kai ma a minti biyu na farko.

Ware wa mai labarin wuri ɗaya, kujera ko tabarma a gefe, da fitila tasa idan akwai. In babu fitilu, kamar yadda yake a yawancin wasannin makarantu, wuri da sautin kalangu ko ganga sun isa su raba yanzu da da. Abin da dandamali ke yi wanda fim ba ya iyawa da sauƙi shi ne gyara a gaban ido: Hajiya ta tsayar da sin ta ce a'a, ba haka ya faɗa ba, 'yan wasa su koma su maimaita da sabon lafazi. Ko wanda ke Nura ya tsaya cak ya dube ta kafin ya furta layin da ta sa masa a baki.

Ga mai rubuta wanda ƙwaƙwalwarsa ta gaza, akwai darasi a wasan Florian Zeller na Faransa, Le Père, na 2012, wanda aka mai da shi fim a 2020 da Anthony Hopkins. Kayan ɗaki na raguwa daga fitowa zuwa fitowa, wata 'yar wasa daban ta shigo a matsayin 'yar dattijon. Masu kallo suna rikicewa tare da shi, ba a buƙatar wani ya fito ya yi bayani.

Gargaɗi: mai kallon dandamali ba ya iya mayar da wasa baya. Alamar da za ta wuce sau ɗaya a fim, a nan maimaita ta sau biyu, ka kuma girmama ta yadda na layin baya zai gani.

8. Tona asirin

Kada wani ya tsaya ya yi jawabin minti biyar yana warware komai. Nemi abu ɗaya ƙarami da zai rushe ginin. Malam Habu ya shiga kasuwa zai sayi ɗan kunne ya kai wa iyalinsa tsaraba, ya ga sarƙar 'yar'uwarsa marigayiya a cikin gilashi, domin asali tata ce, shi ya saya mata da aurenta. Wannan bayanin kuwa dole ya riga ya fito tun a kashi na farko, cikin hirar da ba ta yi kama da muhimmiya ba.

Bar wa kanka fili bayan tonon. A fim mai shafi 90 ina ajiye shi tsakanin shafi na 70 da na 80, domin abin da mai kallo ya fi so ya gani shi ne fuskar Hajiya lokacin da labarin da ta gina wa kanta ya daina riƙe ta. A fim mai dogon zango da ke fita mako-mako a YouTube ko talabijin, masu sharhi za su haɗa kai su gano asirin kafin ka kai. Tanadi ƙananan tonon asiri a hanya, kuma kada ka sauya gaskiyar labarin don kawai wani ya canka daidai.

9. Lissafin ɗauka

Duk sin da za a nuna ta fuska biyu, sin biyu ne a kasafi. Idan shafi 12 ne ke da fuska biyu, shafi 24 za a ɗauka, ko da rubutunka bai nuna haka ƙarara ba. Faɗa wa furodusa tun kafin a fita lokeshan. Hanyar rage kuɗi ita ce a ɗauki fuskokin biyu a rana ɗaya, a wuri ɗaya, kafin a kwance fitilu. Mai kwantiniti ya ɗauki hoton kowane saiti da waya, domin a irin wannan fim kuskuren ɗankwali ko agogo ba ƙaramin abu ba ne: mai kallo zai ɗauka alama ce, ya gina mata fassara.

Ka tuna kuma hukumar tace fina-finai abin da aka nuna take dubawa. Cewa "ai wannan sin ɗin ƙaryar jaruma ce" ba zai sa a bar abin da ba a yarda a nuna ba.

10. Gwada shi a kan mutane kafin ka miƙa

Nemi mutum biyar da ba su san labarin ba, kada dukkansu su zama marubuta. Ba su rubutun zuwa shafin da ke gab da tonon asiri, ka riƙe sauran. Tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba: wa ya ɗauki sarƙar, kuma me ya sa ka ce haka? Idan huɗu sun gano, alamunka sun yi ƙara, rage ɗaya ko ka matsar da ita kusa da hayaniya. Idan ba wanda ko zargi ya yi, ƙara. Abin da kake nema shi ne ɗaya ya canka, biyu su ce akwai abin da bai kwanta musu ba game da Hajiya amma ba su san mene ne ba.

Sai ka ba su ƙarshen, ka roƙe su su koma farko da biro, su ja layi a duk inda suke ganin an yi musu rashin adalci. Duk wurin da mutum biyu suka ja wa layi, koma takardarka mai layi biyu ka duba shi da dokar da ka manna a mataki na huɗu, ka gyara sin ɗin kafin rubutun ya bar hannunka.